Rasuwar "Zare Ya Harɗe", Shafin Mai Gyaran Keken Ɗinki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gyaran keken ɗinki da ke shago na farko a bakin layin teloli, wanda abokan hulɗarsa suke yi wa laƙabi da Likita, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin masu karatu, duk inda wannan sanarwa ta same su, rasuwar shafinsa na intanet mai suna "Zare Ya Harɗe". Marigayin ya bar duniya yana da shekara tara da wata huɗu, bayan doguwar jinya ta shekara uku. Ba a san takamaimiyar ranar da rai ya yi halinsa ba, domin babu kowa a kansa a lokacin. An dai tabbatar da rasuwar ranar Talata da hantsi, kwana ashirin da shida bayan Likita ya wallafa wata tambaya a shafin yana neman agaji, aka rasa mutum ɗaya da zai tanka masa.

Tambayar a kan keken yayarsa ce, kuma ya kamata a yi bayaninta tun yanzu, don a san girman rashin da aka yi. Yaya tela ce. Shekararta talatin da ɗaya tana ɗinki a kan keke guda, baƙi, mai feda. Idonta ya yi rauni, har sai an zura mata zare a allura, amma ba ta ajiye aiki ba, saboda da kunne da yatsa take ɗinki. Ta san kukan kekenta, ta san inda yake jan yadi da inda yake sakinsa. An gwada ta a kan wasu kekuna biyu. A na farko allura ta huda mata yatsa, a na biyu ta tashi da kanta ta ce ba ta jin abin da yake faɗa. Idan wannan keke bai tashi ba, Yaya ta gama ɗinki ke nan. Yau watansa biyu a kan bencin Likita. Yakan yi ɗinki lafiya lau na minti goma sha biyar, daga nan sai ya fara tsallake: ya kama uku, ya bar ɗaya. In an ƙyale shi ya huce, sai ya koma kamar ba shi ba. Likita bai san abin da ke damunsa ba. A zamanin da marigayin yake da ƙarfinsa, irin wannan matsala ba ta kaiwa tashin kasuwa.

An haifi marigayin a kan wannan benci, tsakanin gwangwanin man keke da kwalin allurai. 'Yar Likita ta fari, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta karɓi haihuwar tun tana ɗaliba. Ta gaji da jin labarin kekuna kullum a wajen cin abinci, sai ta ɗauki wayar mahaifinta ta buɗe masa shafi, ta ce, "Baba, ga shi nan. Ka riƙa faɗa wa waɗanda abin ya dama, mu kuma ka bar mu mu ci abinci." Likita bai san abin da ake rubutawa a shafi ba, saboda haka abin da ke gabansa ya rubuta. A ranar akwai wani keke da ya kwana uku yana tsinka zare, ya kuma ƙi faɗin dalili. Likita ya rubuta layi bakwai, ya ɗauki wani hoto mai duhu wanda babban yatsansa ya rufe gefe guda, ya ƙare da cewa: "Na duba duk abin da na sani. Wanda ya taɓa ganin irin wannan ya taimaka." Ba dabarar jawo jama'a ba ce. Da gaske ya rasa yadda zai yi.

Kashegari da safe marigayin ya yi kukansa na farko. Ƙilin! Ƙarar da wayar take yi ke nan idan wani ya rubuta tsokaci. Likita ya goge hannu a tsumma ya duba. Wani ne da ya sa wa kansa suna Tsohon Kamfani, ya rubuta: "Shafa yatsanka a bakin ramin da allura take shiga. Ta taɓa karyewa a wurin, ta bar kaifi, shi ke yanka zaren." Likita ya shafa, kaifin ya yanke shi. Kafin ya gama tsotse jinin, wayar ta sake cewa ƙilin. Wannan karon wani ne mai suna Mai Gardama: "Ƙarya ne. Zaren ne ruɓaɓɓe." Ba zaren ba ne. Mai Gardama ya ci gaba da yin kuskure a wannan shafi har shekara shida, ba fashi, kuma iyalan mamaci suna shaida cewa babu wanda ya kai shi riƙon zumunci.

Waɗanda suka san marigayin a ƙuruciyarsa za su tuna cewa ba kyakkyawa ba ne. Hotunansa a karkace suke. Ba shi da ranar fitowa: wani mako ya yi magana sau uku, wani lokaci ya yi sati biyu bai ce uffan ba, domin ba ya buɗe baki sai keke ya gagari mai shi. Amma yana da halaye da ba a cika samu ba. Bai taɓa yin kamar ya san abin da bai sani ba. Ba ya kawo keke shi kaɗai, sai tare da mai keken: matar da ta shekara biyu tana zuba wa nata man girki har tururuwa suka tare a ciki, da telan da ya rantse ba wanda ya taɓa kekensa sai ga cokalin shayi an zaro daga ƙasansa. Duk wanda ya yi masa magana yakan amsa kafin azahar, da yatsa mai maiƙo, kuma har yau tabon man yana nan a gilashin wayar. Idan gardama ta kaure, ba ya raba ta. Yakan bari ta nuna. Bayan kwana biyu ko uku sai ya dawo ya faɗi abin da aka samu a cikin keken, ya ambaci wanda ya canka da wanda ya faɗi ƙasa warwas. Wannan dawowar ita jama'a suke jira. Akwai waɗanda suka ce ba sa iya fara aikin safe sai sun leƙa sun ga ko an buɗe cikin keken jiya.

Muryar marigayin ba guda ba ce, kuma ita ce abin da Likita ya fi tunawa. Ga kaɗan daga abin da aka ji daga bakinsa a rana ɗaya, a kan wani keke da ya ƙi komawa baya.

Mai Labule, wata mai ɗinkin labule da ba ta raga wa kowa, ta rubuta: "Haba Likita, kwana huɗu kana kallon keke kamar surukinka, ka kasa ɗaga ido ka taɓa shi?"

Tsohon Kamfani ya ce: "Kifa shi ka duba ƙasa. Akwai wani ɗan ƙarfe da ya gaji."

Mai Gardama ya ce: "Tsoho, da kamfaninku ya iya gyara ai da bai rufe ba."

Tsohon Kamfani ya ce: "Yaro, ranar da na fara kwance keke, kai ko maɓallin rigarka ba ka iya sawa ba. Likita, ƙyale shi, kifa keken."

Sai wani da ba a taɓa jin ɗuriyarsa ba ya shigo: "Ni direba ne, ban san komai a keke ba. Faɗan nake zuwa kallo. Don Allah kada ku shirya."

A ranar wayar ta yi ƙilin sau sittin da uku, har wata da ta kawo gyara ta tambaya ko ita ma wayar a kai ta wurin mai gyara ne. Ɗan ƙarfen ne ya gaji, kamar yadda Tsohon ya faɗa.

Ciwon ajali ya shiga ne wata ranar Alhamis, shekara uku da suka wuce. Wani mai babban shagon ɗinki, mai kekuna goma sha biyu, ya zo neman wanda zai riƙa duba masa su duka duk wata. Suna cikin magana a ƙofar shago sai wayar ta yi ƙilin. Ɗaya daga telolin layin, don ya yabi Likita, ya buɗe shafin a tasa wayar ya miƙa wa baƙon. Baƙon ya karanta da ƙarfi, yana jan kalmomin: "Na duba duk abin da na sani." Ya ɗago kai ya ce, "Au, ashe kai ne mai gyaran da teloli suke koya wa gyara? To ai gara in bar telolina su gyara da kansu, na huta da ɗaukar kaya." Layin ya kwashe da dariya. Likita ma ya yi dariyar, don ba yadda zai yi. Baƙon ya tafi, bai kawo kekunan ba. Kafin mako ya zagayo, duk layin an manta da maganar. Mutum ɗaya ne bai manta ba.

Likita bai rufe shafin ba. Abin da ya yi shi ne abin da duk mai gyara na kirki zai ga daidai ne. A sana'arsa, keke ba ya fita daga shago da murfi a buɗe. Sai an ɗaure kowane noti, an gwada shi a kan yadi mai kauri da mai laushi, an goge shi tas, sannan a kira mai shi. Sai ya kafa wa shafin wannan doka. Daga ranar, babu abin da zai hau sai an gama gyara an tabbatar. Kowane rubutu ya koma kashi uku: matsala, dalili, magani. Ya sayi farin ƙyalle yana shimfiɗawa kafin ya ɗauki hoto. Ya cire masu kekuna daga labarin, ya ce surutu ne. Ya sa wa kansa ranakun fitowa, Litinin da Alhamis, bai kuma taɓa saɓawa ba. Idan keke ya gagare shi, yakan ja bakinsa ya yi gum, ya yi ta fama shi kaɗai har ya gano, sannan ya rubuta kamar tun kallon farko ya gane.

Dole a yi wa mamaci adalci. A cikin rubutu ɗari uku da ɗoriya da ya fitar a lokacin jinya, ba a samu kuskure ko ɗaya ba. Bai taɓa yin kyan gani kamar a wannan lokaci ba. Mutanen layin ma sun ce ya yi ƙiba, ya yi haske.

Alamar farko ita ce tsokaci ya gajarce. Inda da ake rubuta layi goma, sai aka koma "Madalla" da "Allah Ya ƙara basira". Mai Gardama ya yi ta maza, ya rubuta a ƙarƙashin wani bayani cewa ba haka ba ne. Likita ya mayar masa da hoto uku da dogon sharhi, ya ƙure shi ta ko'ina. Karo na biyu da ya sake, Likita ya goge tsokacin, a kan cewa zai ɓatar da masu koyo. Mai Gardama ya rubuta kalamansa na ƙarshe: "Likita, tunda ka zama likitan gaske, mu majinyata mun koma gida." Mai Labule ta ɗan jure. Wata rana ta tambaya, "Wai ina matar nan mai man girki? Ta tuba kuwa?" Likita ya amsa mata da cewa wannan shafi na gyara ne. Ba ta sake zuwa ba. Direba bai yi sallama ba, tunda faɗa ya ƙare. Tsohon Kamfani ne ya fi kowa daɗewa a gefen gadon. Wata bakwai yana rubuta "Daidai ne" a ƙarƙashin kowane bayani. Daga baya ya rage zuwa "Daidai". Daga nan shiru.

Ba a bar marigayin babu magani ba. 'Yar Likita ta canza masa launi sau biyu. Ta ƙara girman rubutu saboda masu raunin ido. An gajarta bayanai, an tsawaita su, an koma fitowa kullum, an dawo sau biyu a mako. An sa gasa, aka ce duk wanda ya fara yin tsokaci zai samu kwalin allurai, sai wata abokiyar aikin 'yar ta ci, bayan an roƙe ta ta shiga, ita kuwa ko keke ba ta da shi. Na ɗan lokaci baƙi sun ci gaba da shigowa, irin waɗanda kekensu ya tsaya suka shiga nema a waya. Sukan ɗauki amsar su fita ba gaisuwa, kamar mai tambayar hanya. Su ma daga baya suka ragu, domin irin wannan amsa ta cika ko'ina, wasu ma da hoto mai motsi.

Sau ɗaya 'yar ta yi masa magana kai tsaye, tana tsaye a ƙofar shago da kayan aikinta a jiki. Ta ce, "Baba, ba ka bar musu wurin zama ba."

Ya ce, "Wane irin wurin zama? Amsa ce nake ba su, a wanke, a goge."

Ta ce, "Su ma amsar suke zuwa bayarwa."

Ya ce ta tafi kada ta makara. Shi a ganinsa aiki ya ƙara kyau, jama'a ne suka lalace.

Ana cikin haka keken Yaya ya kwanta. Ta sa aka cire kan keken daga teburinsa aka kawo shi a mota, ta biyo shi, ta ce, "Ƙanena, saurara ka ji. Tari yake yi." Likita ya saurara, ya ce, "Yaya, jibi ki aiko a ɗauka." Ya canza allura. Ya canza ƙwarƙwaron da ake naɗa zaren ƙasa a kai. Ya daidaita haɗuwar allura da abin da ke kamo zare daga ƙasa, ya sake daidaitawa. Ya wanke, ya zuba mai, ya canza bel. Ya kwance keken gaba ɗaya ya jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle, ya duba su ɗaya bayan ɗaya a hasken rana, ya mayar. Minti goma sha biyar lafiya, sai tsallake. Yaya ba ta aiko ba, da kanta take zuwa. Kullum da safe takan zauna a kan kujerar baƙi, hannuwanta a cinya, yatsunta suna motsi kamar suna tura yadi. Takan ce, "Yau fa?" Yakan ce, "Saura kaɗan." Takan ce, "Saura kaɗan ɗin nan naka ya fi shekarata tsawo." Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Masu kawo mata ɗinki sun fara zuwa suna karɓar yadinsu, tana ba su da hannunta, tana gane na kowa da shafawa.

Sai da aka yi mako biyar sannan Likita ya ɗauki waya. Safiya guda ya ɓata a kan layi tara. Ya rubuta, ya goge, ya sake rubutawa. Sau biyu ya sa "wani abokin aiki ne yake tambaya", sau biyu ya cire. A ƙarshe ya faɗi gaskiya: keken yayarsa ne, ga abin da yake yi, ga abin da aka gwada, shi kuma ya kai ƙarshen saninsa. Ya wallafa. Ya ƙure ƙarar wayar, ya jingina ta da gwangwanin mai, ya ci gaba da aiki da kunne ɗaya.

Ranar farko bai damu ba, ya ce mutane suna wajen aiki. Rana ta uku ya fara zargin wayar. Ya kira 'yarsa ya ce ta rubuta wani abu a gani ko ƙarar ce ta mutu. Bayan minti biyu wayar ta ce ƙilin, kuma duk da shi ya sa a yi, sai da sukudireba ta faɗi daga hannunsa. An rubuta: "Gwaji." Ƙarar lafiyarta ƙalau. Shafin yana nuna yawan waɗanda suka buɗe kowane rubutu, kuma a mako na biyu ya nuna goma sha ɗaya. Bakwai Likita ne da kansa. Biyu 'yarsa ce. Sauran biyun ba a san ko su wane ne ba, kuma su ne suka fi tsaya masa a rai: mutum biyu sun shigo, sun karanta, sun fita. A rana ta goma sha tara wayar ta sake yin ƙilin, Yaya tana zaune. Tallar man tsirar da gashi ce. Likita ya karanta ta har ƙarshe, sau biyu. Yaya ta ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ba kowa."

A nan ne ya tashi neman Tsohon Kamfani, sai ya tarar ba shi da inda zai nema. Shekara shida suna magana kusan kullum, bai taɓa tambayar sunansa na gaskiya ba, ko garinsu, ko lambar wayarsa. A ganinsa a lokacin babu buƙata, tunda kullum yana nan. Bai san ko yana raye ba. Bai san ko idonsa yana iya karatu har yanzu ba. Ya koma can baya, ya nemo wani tsohon tsokaci na Mai Gardama da ya tsira daga gogewa, ya rubuta a ƙarƙashinsa: "Ka yi haƙuri. Zo ka ƙaryata ni." Kwana bakwai ke nan. Ba wanda ya zo.

Akwai abu ɗaya da iyalan mamaci suka yi shawarar ko a saka shi a wannan sanarwa ko a bari, daga baya aka ga a saka. Makon jiya mai kekuna goma sha biyu ya biyo ta layin, ya tsaya sayen allura. Ya yi furfura, ya kuma manta da abin da ya faɗa sarai. Yana jiran a naɗe masa allurar ya ce, "Wai Likita, ina shafin nan naka? Tun ranar da aka nuna mini shi na riƙa leƙawa, na koma baya na karance tsofaffin duka. Wannan tsohon da mai gardamar nan, kai, sun sha ba ni dariya. Daga baya kuma sai ya koma kamar takardar cikin kwalin magani. Me ya same shi?" Likita ya ce rashin lafiya ce. Ya tambaye shi ko a cikin telolinsa akwai wanda ya taɓa ganin keke mai tsallake bayan ya yi zafi. Mutumin ya ce, "Ina fa! Ai wannan aikinku ne." Ya karɓi allurarsa ya wuce.

Marigayin ya rasu ya bar rubutu ɗari bakwai da sha huɗu, da tsokaci sama da dubu tara, waɗanda kusan dukansu 'ya'yan shekara shidan farko ne. Ya bar waya guda mai tabon mai, wadda take raye amma ba ta magana. Ya bar farin ƙyalle. Ya bar ungozomarsa, wadda ta ce ta ga irin wannan a wurin aiki, majinyaci ya yi kyan gani ana murna, ashe tafiya ce. Ya bar Mai Gardama da Mai Labule da Direba da Tsohon Kamfani, waɗanda ba a san inda suke ba, ana kuma roƙon duk wanda ya san su ya isar musu. Ya bar Yaya, wadda ba ta taɓa karanta shi ba, da aka faɗa mata rasuwar ma cewa ta yi, "Allah sarki. Ɗan wane ne?" Ya kuma bar mai shi, ɗan shekara hamsin da takwas, wanda har yanzu in cokali ya bugi kofi a shagon maƙwabci sai ya waiga wajen gwangwanin mai.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, a shagon. 'Yar Likita ce za ta danna wurin gogewa, domin shi ya gwada sau biyu hannunsa ya ƙi. Ta riga ta kwafe rubutun shekara shidan farko tare da duk faɗan da ke ƙarƙashinsu, za a adana a gida. Na shekara ukun ƙarshe Likita ya ce a binne su tare da mamaci. Wurin tsokaci zai kasance a buɗe har zuwa ƙarfe huɗun. Ba za a yi zaman makoki ba, saboda kujera biyu ce a shagon, ɗaya kuma ta Yaya ce.

Da zarar an kammala, Likita zai naɗe kan keken Yaya, ya saɓa a kafaɗa, ya kai shi wurin wani mai gyara da ke can ƙarshen kasuwa, wanda ya shigo sana'ar shekara goma a bayansa. An riga an aika masa. Ya ce zai duba, bai yi alkawarin komai ba. Hanya ɗaya ce zuwa can, ta tsakiyar layin teloli, shago ashirin da biyu, kuma a wannan lokaci kowa yana bakin ƙofa. An ba Likita shawarar ya aika da keken a mota, Yaya ta ce a'a, kekenta ba zai je hannun baƙo ba sai da ita, tana so ta ji da kunnenta abin da za a ce, kuma ƙaninta ne zai yi bayani tunda shi ya san abin da ya taɓa.

Ana roƙon telolin layin, don girman zumunci, duk wanda ya ga wucewarsu ya ci gaba da taka kekensa, kada ya ɗago kai, kada ya ce sannu, kada ya tambayi ina zuwa. Yaya ba ta iya sauri. Ana sa ran tafiyar za ta ɗauki minti ashirin.